Abin da ka rubuta daban, abin da sabar ta karanta daban

Saƙon da ya fi shigo mini daga matasan da ke koyon haɗa shafukan intanet kusan iri ɗaya ne. Hoton allon waya, farin shafi fes, da ɗan rubutu a sama: "500 Internal Server Error". A ƙasa kuma a rubuto, "Malam, wallahi a kwamfutata lafiya lau yake aiki." Ban taɓa musa wa kowa wannan ba, don gaskiya suke faɗa. A kwamfutarsu yana aiki. Sai dai kwamfutarsu ba ita za ta riƙe shafin ba, kuma abin da ya raba ta da sabar da aka kama haya, wato kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet, galibi 'yan layuka ne a cikin wani ƙaramin fayil na saiti: `.env`, `.htaccess`, `php.ini`, `wp-config.php`, `web.config`, ko fayilolin manhajar sabar Nginx.

Na daɗe ina yi wa makarantu da shaguna da ƙungiyoyi aikin shafi a nan Kano, kuma abin da na lura shi ne kuskuren fayil ɗin saiti ba kasafai yake wuyar gyara ba. Harafi ɗaya ne, ko layi ɗaya. Abin da ke cinye wa mutum yini guda shi ne ya ɗauka cewa abin da idonsa ke gani a fayil shi ne abin da sabar ta karanta. Sau da yawa ba haka ba ne. Wani lokaci ba ta ma buɗe fayil ɗin da kake ta gyarawa ba, ko kuma tsohon kwafi ne a hannunta. Wani lokacin ta karanta ɗin, amma abin da ta fahimta daban. Shi ya sa kafin in taɓa komai nake neman sanin abu ɗaya: me sabar ta karanta, kuma daga wane fayil?

Amsar tana farawa ne daga log, wato kundin da sabar ke rubuta duk abin da ya same ta. Shafin 500 da gangan aka hana shi magana, don kada ya tona asirin cikin gida ga duk mai wucewa. Bayanin yana can ciki. A Ubuntu, wato wani nau'in tsarin Linux, manhajar sabar Apache na ajiye nata a `/var/log/apache2/error.log`, Nginx a `/var/log/nginx/error.log`, Laravel kuma, wato tsarin gina shafi da harshen PHP, a `storage/logs/laravel.log`. Mai amfani da cPanel, allon sarrafa sabar haya, ya duba "Errors" a sashen "Metrics", ko fayil mai suna `error_log` a foldar shafin. Ka buɗe log ɗin, ka sake loda shafin, ka karanta sabon layin da ya faɗo tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ka kuma kula da agogo. Yawancin sabar da muke haya a kan lokacin UTC suke, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya, don haka abin da ya faru ƙarfe uku a wajenka za ka same shi a ƙarfe biyu. Na ga waɗanda suka bi kuskuren wani lokaci daban saboda wannan awa ɗayar.

Wani yaro da na koyar ya taɓa zuwa shagona da yamma hankalinsa a tashe. Ya haɗa wa wata makarantar kuɗi shafin duba sakamakon jarrabawa da Laravel, washegari za a saki sakamako, shugaban makaranta sai kira yake yi. Shafin ya ƙi haɗuwa da rumbun bayanai. Ya canza kalmar sirri, ya goge mai amfani ya sake ƙirƙira, har rumbun ya goge ya sake zubawa, ko gezau. Na ce ya karanta mini saƙon da ƙarfi. Ya ce, "Access denied ne, Malam." Na ce, "Ci gaba, wa aka hana?" Ya matso da fuskarsa kusa da allo. An rubuta `'root'@'localhost'`, a ƙarshen layin kuma "using password: NO". Na ce ya buɗe `.env`, fayil ɗin saitin Laravel, ya nuna mini inda ya rubuta root. Babu. Sunan da ke ciki shi ne wanda cPanel ya ba shi, mai ɗauke da sunan asusunsa a gaba, da kalmar sirrinsa a ƙasa.

To daga ina root ya fito? Daga kwamfutarsa. XAMPP da yake aiki da shi a gida, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwaji, yana zuwa da mai amfani root marar kalmar sirri. Wata rana can baya ya buga `php artisan config:cache`, Laravel ya tattara dukkan saitin wannan ranar ya dunƙule a fayil guda, `bootstrap/cache/config.php`. Da zai ɗora aiki sai ya naɗe foldar gaba ɗaya a zip, har da wannan fayil. Ƙa'idar Laravel kuwa ita ce, muddin fayil ɗin nan yana nan, ba ya ko kallon `.env`. Yaron nan ya yi yini yana ban ruwa a gonar maƙwabci, yana mamakin yadda tasa ta ƙi tsirowa. Asusun ba shi da damar buga umarni, sai muka shiga File Manager muka goge fayil ɗin da hannu. Mai damar buga umarni `php artisan config:clear` ya ishe shi.

Tsugune ba ta ƙare ba, shafin bai tashi ba. Ya dafe kai. Na ce ya kwantar da hankalinsa ya duba log, don saƙon ya canza, kuma a wannan aikin canjin saƙo alama ce ta an matsa gaba. Yanzu sunan mai amfani daidai ne, ƙarshen layi ya koma "using password: YES", amma har yanzu an hana shi shiga. Muka dubi kalmar sirrin. Na'urar ƙirƙirar kalmar sirri ta cPanel ce ta ba shi, kuma a tsakiyarta akwai alamar `#`. Tun daga Laravel 5.8 na 2019, idan `#` ta zo a cikin ƙimar da ba a sa wa alamar zance ba, ana ɗaukar duk abin da ya biyo bayanta a matsayin sharhi, a watsar. Wato shi ya rubuta kalmar sirri cikakkiya, Laravel kuma rabinta yake aika wa MySQL, manhajar rumbun bayanan. Muka kewaye ta da alamar zance tilo a farko da ƙarshe, ya sake loda shafin, sunan makaranta ya bayyana. Ya ce, "Malam, shi ke nan?" Na ce shi ke nan, ya kira shugaban makaranta. A sababbin Laravel akwai `php artisan config:show database`, wanda zai nuna maka ainihin abin da manhajar ta riƙe. Da asusun na da damar buga wannan umarni da an ga matsalolin biyu cikin minti ɗaya.

Irin wannan ce ke faruwa da `php.ini`, fayil ɗin saitin PHP, kuma lokacin rajistar ɗalibai ne ta fi tashi, sa'ad da iyaye ke ɗora hoton fasfo da aka ɗauka da waya. PHP yana zuwa da iyakar megabait 2 ga kowane fayil a `upload_max_filesize`, da megabait 8 ga dukkan abin da fom ya aiko a `post_max_size`. Idan akwai Nginx a gaba, tasa iyakar megabait 1 ce a `client_max_body_size`, kuma shi zai fara tare hoton da lambar 413 tun PHP bai san an yi ba. Hoton wayar zamani kuwa yakan wuce megabait 2 cikin sauƙi. Sai mutum ya nemo `php.ini` ya ɗaga lamba, shiru. A Ubuntu akwai `php.ini` fiye da ɗaya: na foldar `cli` daban, na `fpm` daban, na `apache2` daban. Idan ka buga `php --ini` zai nuna maka na `cli`, wanda ba ruwan shafinka da shi. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka ajiye ɗan fayil mai kiran `phpinfo()`, ka buɗe shi a burauza, ka dubi layin "Loaded Configuration File". Wannan shi ne fayil ɗinka. Bayan gyara ka sake tayar da PHP-FPM, manhajar da ke gudanar wa sabar da PHP, ka kuma goge ɗan fayil ɗin nan take, don bayanan da ke cikinsa ba na kowa da kowa ba ne. Idan `.user.ini` ka gyara, ka yi haƙurin minti biyar, saboda duk bayan daƙiƙa 300 PHP ke sake karanta shi.

Akwai wani tarko a nan da yake ba ni tausayi duk sanda na gan shi. Mutum ya rubuta `20MB`, kamar yadda kowa ke rubutawa a ko'ina. PHP kuwa K da M da G kawai ya sani, kuma harafin ƙarshe yake dubawa. Da ya ga B sai ya ɗauki 20 kawai, wato baiti ashirin. Ka je faɗaɗa ƙofa ka toshe ta gaba ɗaya. Daga PHP 8.2 ne aka fara yin gargaɗi a kan haka, kafin nan shiru yake yi. Abin da ake rubutawa `20M` ne.

Shi kuwa `.htaccess`, fayil ɗin saitin Apache da ake ajiyewa a foldar shafi, gwajinsa mai sauƙi ne. Ka rubuta shirme a layin farko, duk abin da hannunka ya faɗa kai a madannai, ka adana, ka loda shafin. Idan ya faɗi da 500, Apache na karanta fayil ɗin, sai ka goge shirmen ka nemi kuskure a ciki. Idan shafin ya buɗe abinsa kamar ba a yi komai ba, to ba a karanta shi, kuma ko me ka rubuta a ciki aikin banza ne. Dalilin galibi `AllowOverride None` ne a babban saitin Apache, wanda haka Ubuntu ke zuwa da shi ga foldar `/var/www`. Ko kuma sabar ba Apache ba ce sam. Nginx ba ya karanta `.htaccess`, bai san da zamansa ba. Idan kuma log ya ce "Invalid command", ka dubi sunan umarnin da ya ambata. In `RewriteEngine` ne, ba a kunna `mod_rewrite` ba. In `php_value` ne, PHP ɗinka ta hanyar FPM yake aiki, wannan layin sai a mayar da shi `.user.ini`. In `Order` ne, ka kwafo salon Apache 2.2 daga wani tsohon darasi, alhali tun 2012 Apache 2.4 ya koma salon `Require`. Ka kuma sani `apachectl configtest`, umarnin duba saitin Apache, ba ya leƙa `.htaccess`, zai iya ce maka "Syntax OK" shafi yana kwance.

Masu sabar Windows su ma suna da tasu. IIS, manhajar sabarsu, yakan ba da 500.19 da wata lamba a ƙasa, kuma lambar ce ke da labarin. Idan 0x8007000d ce, mutum zai yi ta neman inda ya ɓata rubutun `web.config`, alhali sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Yana ɗauke ne da sashen `rewrite`, sabar kuma ba a girka mata URL Rewrite ba, don haka ta ga sashen da ba ta sani ba ta ce fayil ya lalace.

Nginx ina son sa don yana faɗar layin da ya tsaya. `nginx -t` zai ba ka sunan fayil da lambar layi. Amma lambar tana nuna inda ya gane akwai matsala ne, wanda sau da yawa ya wuce inda ka yi ta. Idan ka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi na 12, zai ci gaba da karatu yana haɗa shi da na ƙasa, ya yi ƙorafi a kan 13 ko gaba da haka. Don haka ka riƙa ɗaga ido sama da layin da ya ambata. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne halinsa a lokacin `reload`. Idan sabon saiti na da kuskure, Nginx ba ya faɗuwa, sai ya ci gaba da tsohon da ke cikin ƙwaƙwalwarsa. Wannan rahama ce ga masu ziyara, amma wanda bai karanta amsar umarnin ba zai ga shafi na aiki ya tashi ya tafi. Fayil ɗin da ke kan faifai kuwa ɓatacce ne. Bayan makonni, ranar da aka sake kunna sabar saboda wani dalili daban, Nginx ya ƙi tashi, kowa ya rantse bai taɓa komai ba yau. Kuma gaskiya ne, ba yau aka taɓa ba.

Biyu daga cikin abubuwan da nake yawan tararwa a sabar da aka gado: an kwafi fayil daga `sites-available` zuwa `sites-enabled` maimakon a yi masa mahaɗi, sai a yi ta gyara na farko alhali na biyu ake karantawa, ko kuma wani mai taka-tsantsan ya ajiye kwafin ko-ta-kwana mai suna `default.bak` a cikin `sites-enabled`. A Debian da Ubuntu, Nginx na kwashe duk abin da ke cikin foldar nan ba tare da duba ƙarshen suna ba, sai saiti biyu su yi ta karo a kan suna ɗaya. `nginx -T` da babban harafi zai zazzage maka dukkan abin da ya karanta, fayil bayan fayil, kuma shi nake fara bugawa a duk sabar da ban sani ba. Lambar 502 bayan sabunta Ubuntu ita ma sananniya ce: 20.04 na zuwa da PHP 7.4, 22.04 da 8.1, 24.04 da 8.3, amma layin `fastcgi_pass` yana nan yana neman `php7.4-fpm.sock` da ya riga ya tafi.

Kada wani matashi ya ji kunya don saiti ya kayar da shi. A Nuwamban 2018 kamfanin MainOne na Legas ya fito ya ce kuskuren saiti ne a lokacin aikin haɓaka hanyoyinsa ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta China da Rasha na sama da awa guda. Ran 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, kamfanin kuma ya danganta abin da canjin saiti a na'urorin da ke haɗa cibiyoyinsa. Duk wanda ke kasuwanci ta WhatsApp ya tuna wannan daren.

Sai kuma haruffan da ido ba ya gani. Tsohon Notepad na Windows, idan ka adana fayil a tsarin haruffa na UTF-8, yakan liƙa baiti uku a farkonsa da ake kira BOM. A `wp-config.php` waɗannan baitin suna fita kafin `<?php`, sai WordPress ya fara kukan "headers already sent". Fayil ɗin da aka rubuta a Windows kuma kowane layinsa na ƙarewa da ƙarin alama, wadda ke sa Linux ya ce "bad interpreter" da `^M` a jiki. Saitin da aka kwafo daga Word ko aka buga a waya yakan zo da lanƙwasassun alamomin zance maimakon miƙaƙƙu. Umarni ɗaya ke fallasa yawancinsu, `cat -A` da sunan fayil. BOM zai fito a matsayin `M-oM-;M-?`, ƙarshen layin Windows `^M$`, tab kuma `^I`. Wannan na ƙarshe shi ke kashe fayilolin saiti na salon YAML, don YAML bai yarda a matsa layi da tab ba. YAML ɗin yana da wani hali kuma na yi wa ƙima fassara da kansa: ka rubuta 3.10 a matsayin sigar Python ba alamar zance, ya ɗauke ta lamba ya mayar da ita 3.1.

Wadda ta fi tsaya mini a rai cikin duka ta shafi haruffanmu ne. Wata Hajiya marubuciya tana da shafin da take saka labaranta babi-babi, wani ne ya haɗa mata shi da zallar PHP shekaru da suka wuce, ya kuma bar harkar. Da hayar sabar ta ƙare aka mayar da shafin wani kamfani. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Malam, labaraina duk sun koma rubutun aljanu." Na buɗe. Ko'ina aka rubuta ƙasa ya zama Æ™asa, ɗaki ya zama É—aki, ɓera ya zama É“era. Babin da ta saka bayan ƙaura kuma nasa daban ne, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai alamar tambaya. Abu na farko da na ce mata shi ne, "Hajiya, don Allah kada ki ƙara saka komai, kada kuma ki gyara ko harafi ɗaya da hannu, sai na kira ki."

Ga abin da ya faru. A tsarin UTF-8, harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. A jadawalin latin1 na MySQL kuwa kowane baiti harafi ne mai zaman kansa: C6 shi ne Æ, 99 shi ne ™. Haka ɗ take C9 da 97, wato É da dogon layi. Tsohuwar sabar tana da MySQL na da, wanda latin1 ne tsarinsa na asali. Wanda ya haɗa shafin bai faɗa wa MySQL da wane tsari zai yi magana ba. Sai PHP ya riƙa aika baitin UTF-8, MySQL yana karɓa da zaton latin1 ne, ya ajiye yadda suka zo, ya kuma mayar yadda suka zo, burauza ta haɗa su ta nuna ƙ. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri shekara da shekaru. Sabuwar sabar kuwa tana da MySQL 8.0, wanda tun fitowarsa a 2018 ya koma utf8mb4. Yanzu da aka buɗe hanyar sadarwa da utf8mb4, sai MySQL ya shiga yin abin da yake ganin daidai ne: ya ɗauko kowane baiti daga teburin latin1 ya fassara shi shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa fayil ko ɗaya na shafin. Saitin da ya jawo abin layi ne da ba a taɓa rubutawa ba, aka bar wa sabar ta zaɓa, sabar kuma ta canza ra'ayi.

Bambancin alamomin biyu yana da muhimmanci ƙwarai. Æ™ mummuna ce a ido, amma bayanan suna nan daram, karatun ne ya karkace. Alamar tambaya kuwa asara ce. Da ta saka sabon babi, MySQL ya karɓi ƙ ta gaskiya, ya nemi gurbinta a latin1 ya rasa, kuma da yake an sassauta tsauraran dokokinsa a wannan sabar, maimakon ya ƙi karɓa sai ya ajiye alamar tambaya a madadinta. Ba umarnin da zai dawo da ita. Allah ya taimaka babin yana nan a wayarta.

Gyaran da hankali ke fara kai mutum gare shi shi ne ya buga `ALTER TABLE` da `CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4`. A irin wannan yanayi gyaran gangar Auzinawa ne, don zai ɗauki Æ da ™ ya tabbatar da su a matsayin haruffa biyu na dindindin. Abin da na yi shi ne, na fara ajiye cikakken kwafin rumbun a gefe. Sannan na fitar da shi da `mysqldump` tare da `--default-character-set=latin1`, don baitin su fito yadda suke ba fassara. Na buɗe fayil ɗin da ya fito, na ga ƙ da ɗ da ɓ sun dawo cikin hayyacinsu. Na canza latin1 zuwa utf8mb4 a layukan da ke bayyana tsarin tebura da na `SET NAMES`, na zuba a sabon rumbu, na bar tsohon ban taɓa ba. Daga ƙarshe na ƙara layin da ya kamata a ce yana nan tun ranar farko, kiran `mysqli_set_charset` da utf8mb4 a fayil ɗin haɗi. Mai PDO ya sa `charset=utf8mb4` a layin haɗinsa, mai WordPress ya duba `DB_CHARSET`. Kuma utf8mb4 ɗin nake nufi da cikakken sunansa, don abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 baiti uku kawai yake ɗauka. Haruffanmu da alamar ₦ za su shiga, amma emoji mai baiti huɗu ba zai shiga ba, masu karatun Hajiya kuwa da shi suke sharhi.

Abin yana damuna, domin na san marubuta da yawa da suka haƙura da haruffa masu lanƙwasa, suka koma k' da d' da b', ko ma suka bar su haka nan, saboda wani shafi ya taɓa ɓata musu rubutu. Suna zaton intanet ce ba ta iya Hausa ba. Ta iya sarai, mu masu haɗa shafukan ne ke barin layi ɗaya ba mu rubuta ba. Duk shafin da zan miƙa, sai na saka ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ da ₦ da layin Larabci da emoji a fom, na adana, na sake buɗewa na gani da idona.

Akwai magunguna biyu da gajiya ke sa mutane sha, kuma ina roƙon a bar su. Na farko `chmod 777` a kan komai. Bai cika gyara abin da ake nema ba, a wasu sabar hayar ma shi da kansa yake jawo 500, kuma yana buɗe wa kowa damar rubutu. Na biyu a kunna `APP_DEBUG=true` a shafin da jama'a ke shiga don a ga kuskure, a kuma manta da shi a kunne. Shafin kuskuren yana baje sunayen fayiloli da tambayoyin rumbu da bayanan sabar ga duk wanda ya ci karo da shi, alhali abin da kake nema yana cikin log.

Mafi muni shi ne a zuba dukkan foldar Laravel a cikin `public_html`. An tsara shi ne a nuna wa duniya foldar `public` kaɗai, sauran su zauna a baya. Idan aka zuba duka, `.env` na iya zama fayil ɗin da kowa zai sauke. A cikinsa akwai kalmar sirrin rumbu, da ta imel, da mabuɗin sirri na Paystack ko Flutterwave idan makaranta na karɓar kuɗi ta shafin. Ka buɗe log ɗin masu ziyara na kowace sabar da ta kwana biyu a intanet, za ka ga na'urori daga ko'ina suna ƙwanƙwasa `/.env` dare da rana. A Janairun 2024 hukumomin FBI da CISA na Amurka sun fitar da gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna Androxgh0st, wadda farautar irin waɗannan fayiloli na cikin manyan ayyukanta. Bayanan 'ya'yan mutane ne a ciki, sunaye da hotuna da lambobin iyaye, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a.

Don haka bayan shafi ya tashi, ka rubuta adireshinsa a burauza ka ƙara `/.env` a ƙarshe. Ya kamata ka ga 403 ko 404. Idan rubutu ya bayyana ko fayil ya sauko, ka ɗauka wani ya riga ka gani. Toshe hanyar kaɗai ba ta isa ba, sai ka canza kalmar sirrin rumbu da ta imel, ka shiga asusun kamfanin biyan kuɗi ka sabunta mabuɗi, ka kuma sanar da mai shafin. `APP_KEY`, mabuɗin da Laravel ke kulle bayanai da shi, shi ma sai an canza, amma a yi shi da shiri. Canza shi zai fitar da duk wanda ke cikin shafin a lokacin, kuma duk bayanan da manhajar ta kulle da tsohon mabuɗi ba za su buɗu da sabon ba. Kalmomin sirrin masu amfani ba su cikin wannan, don ta wata hanya daban ake adana su. Daga Laravel 11 akwai `APP_PREVIOUS_KEYS`, inda za ka ajiye tsohon mabuɗin har ka gama sake kulle bayanan da sabo, sannan ka cire shi.